Wayarmu Ba Ta San Kwaɗo Ba

Mu mutanen Batsari da Safana ba mu yarda da layi ɗaya ba, kuma ba jiya muka fara ba. Ka tare duk wanda ka ga dama ranar Alhamis a kasuwar Batsari, daga mai rogo har dillalin awaki, ka ce ya ba ka lambarsa. Ba zai karanto maka kai tsaye ba, sai ya fara tambayarka: "Wacce? Ta MTN ko ta Airtel?" In ka ce duk wadda ta samu, ya ba ka biyu, ya ƙara da cewa in duk sun ƙi shiga ka nemi ta ƙanensa, ita ce ke kamawa a gona. Ba fankama ba ce. Layin da ke cika tam a cikin garin Batsari yana iya mutuwa murus kafin ka kai Wagini, wanda ke aiki a Safana kuma ka shiga wani lungu na Runka sai ka ɗaga waya sama kana juyi kafin ya kawo.

Shi ya sa magidanci mai ɗan hali a wajenmu waya biyu gare shi. Akwai babbar, ta shafawa, wadda ake kallon wa'azi da hotunan biki a cikinta. Akwai kuma ƙaramar, rakani-kashi, mai tocila da rediyo, wadda ke kwana da kwanaki ba ta nemi caji ba, kuma ita ce ta amana. Yawancinsu Tecno ne ko itel ko Infinix, waɗanda duk kamfani ɗaya ne ke ƙera su, Transsion, a birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Abin da ya sa suka ƙwace kasuwa a hannun Nokia bai wuce sun lura da halinmu ba: suka riƙa yin waya mai gidan sim biyu, da batir mai jimiri, da farashin da talaka zai iya. Duk wadda ka saya a buɗe take zuwa. Ka sa mata layin da ka ga dama, na nan ko na wata ƙasa, ba ta tambayarka daga ina.

A irin wannan gari ne wani dattijo a unguwarmu, wanda Allah ya nufa da biyan kujerar Makka, ɗansa da ke karatu a Amurka ya aiko masa da iPhone don ya tafi da ita. Aka kawo ta majalisa da yamma, kowa ya ɗauka ya juya ya sa albarka. Aka zare sim daga tsohuwar aka sa mata, ta ƙi. Aka sa na mai shayi, ta ƙi. Wani ya ce sanyin can ne bai sake ta ba, wani ya ce a bar ta ta kwana. Da aka kira yaron da ke gyaran waya a bakin tasha, wanda duk muke ce wa Injiniya, kallo ɗaya ya yi mata.

"Baba, wayar nan lafiyarta lau. A kulle take."

"A kulle? Wa ya kulle ta? Ɗana da kuɗinsa ya saya."

"Bai gama biya ba, Baba. Ko kuma ya gama, bai ce su buɗe ba."

Dattijon ya yi shiru, don maganar ta koma ta bashi, kuma ba a son a ji ɗan mutum da bashi a gaban jama'a. Sai da Injiniya ya yi bayanin cewa can ba abin kunya ba ne. A Amurka mutane da yawa ba sa zuwa kasuwa su zube kuɗin waya gaba ɗaya yadda muke yi. Kamfanin layi ne ke ba ka ita, kana biya wata-wata har shekara biyu ko uku, shi kuwa ya ɗaure ta yadda ba za ta karɓi sim ɗin abokin gasarsa ba. In ka cika sharaɗi ya buɗe maka, kuma daga can ofishinsu ake yi, ba sai an taɓa wayar ba. Su kansu Turawan sun sha rigima a kan wannan. Sai a 2014 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta sake halatta wa Ba'amurke buɗe wayarsa, Kanada ta hana sayar da kullallun wayoyi a ƙarshen 2017, Ingila ta bi sahu a Disambar 2021. Mai shayi da ya ji haka ya ce ashe akwai abin da muka riga su, mu da muka tashi da buɗaɗɗiyar waya tun ba mu san gata ba ne.

Amma ciwon yana iso mu, ta hanyar kyauta da kuma ta hanyar wayoyin hannu da ake kira 'yan Landan, ko da kuwa daga Dubai ko Amurka aka kwaso su. Duk wanda ya taɓa shiga Farm Centre a Kano ya san iPhone biyu masu kama ɗaya kan sha bamban a farashi, kuma ba don ɗaya ta fi kyau ba. Ɗaya kamfaninta ne ya buɗe ta, an gama. Ɗayar kuwa mai cif ce: wani siririn faranti ake shimfiɗawa tare da sim ya yaudari wayar ta ɗauka layin gidansu ne. Tana aiki, ba a ce ba ta yi ba. Sai dai ranar da ka sauka Madina ka zare layinka ka sa na can, sai an sake yi mata saiti, kuma Injiniya yana Batsari. Wani lokacin ma sabunta manhajar wayar kaɗai ya isa ya mayar da ita gidan jiya. Ni dai a ganina wanda zai yi tafiya ya sayi mai cif, arha ya saya ya bar kwanciyar hankali a shagon.

Akwai wani kullen da ya fi wannan muni, na iCloud, wanda ba ruwansa da layi. Mai wayar ne na asali sunansa ke ciki, kuma in mai sayarwa ya kasa cire shi a gabanka, ka tambayi kanka yadda aka yi ta zo hannunsa. Yaranmu yanzu sun iya danna *#06# su ga lambar jikin waya mai alƙaluma 15, su gwada da ta kwali. Mu tsofaffin hannu gwajinmu ɗaya ne: ka sa layinka ka kira wani a gaban mai shago, ka zare ka sa na wani kamfanin ka sake kira, sannan ka ciro kuɗi.

Sabon salo kuma, tun daga iPhone 14 da ta fito a 2022, wadda aka yi don kasuwar Amurka ba ta da gidan sim kwata-kwata. An ga mutum yana zagaya ta da tsinke yana neman ƙofa. Sai dai eSIM, wanda ba kati ba ne, rubutu ne ake ɗora wa wayar. Kamfanonin Najeriya suna bayarwa, amma mutumin Ruma ko Babban Duhu sai ya yi tattaki zuwa ofishinsu a Katsina. Masu dabara har fafe irin waɗannan wayoyin suke yi su dasa musu gidan sim, a sayar wa wanda bai sani ba.

Ko wayar a buɗe take, akwai maganar zango, kuma dattawa sun fi yara saurin gane ta, don sun san rediyon da ba ta da gajeren zango ba ta kamo BBC komai sabon batir. Layukan kira na Najeriya da Nijar da Saudiyya duk a kan zangon 900 da 1800 aka gina su, shi ya sa rakani-kashi ke yawonta tsakanin ƙasashen nan uku ba ta ko tari. Amurka kuwa 850 da 1900 ta ɗauka, Japan ma ba ta taɓa shiga wannan tsarin ba. Da Glo ta fito da 4G ɗinta a kan zangon 700, wayoyi da dama, har masu tsada, sun ƙi gani. Waɗanda suka yi zama Kano kuma za su tuna wayoyin Starcomms da Multi-Links da Visafone, waɗanda yawanci layin a jikinsu yake, ba sim ba. Da kamfanonin suka kwanta, wayoyin suka zama abin wasan yara. Manyan wayoyin yanzu suna ɗauke da zanguna da yawa, wannan damuwar ta ragu.

Mu in an ce ƙasar waje, Makka ake nufi. Maraɗi ba ta cikin lissafi. Ta yaya za ta shiga, alhali sarkinta har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, zuriyar waɗanda suka bar birnin bayan jihadi, kuma da wuya ka samu gida a nan da ba shi da gwaggo ko suruki a can? Ka hau mota zuwa Jibiya, ka wuce Magama, ka faɗa Ɗan Isa, sai Maraɗi. Mu ba mu ɗauki iyakar da muhimmanci ba, amma waya ta ɗauka. Wani lokacin ma tana riga ka tsallakawa: kana tsaye a ƙasar Najeriya sai ka ga sunan wani kamfani ya hau fuskarta, ta kamo ƙarfen sabis na ƙetare. Daga nan an shiga romin, wato layinka ya ari sabis ɗin wani, kuma aron nan ba na zumunci ba ne. Katin da zai yi maka mako a gida, gaisuwa ɗaya ta Bahaushe, daga ina kwana zuwa ina gajiya zuwa yaya yara, ta lashe shi.

Abin da ke ɗaure wa mutanenmu kai shi ne Airtel. Ga ta nan, ga ta can, suna ɗaya, jan launi ɗaya. Wani direba da ke jigilar hanyar ya taɓa rantsuwa a majalisa cewa zalunci ne kawai, uwa ɗaya uba ɗaya a ce sai ka biya kuɗin baƙunta. Gaskiyar ita ce a takarda kamfani biyu ne, kowanne da lasisinsa, ɗaya a ƙarƙashin NCC a Abuja, ɗaya a ƙarƙashin ARCEP a Yamai, ɗaya yana cin naira, ɗaya sefa. Amma direban bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, don ya ga zamanin da aka sassauta. A 2007, lokacin kamfanin yana Celtel, an shigar da Najeriya da Nijar cikin wani tsari da ke barin mutum ya tsallaka da layinsa ya amsa kira ba a cire masa komai ba. Ita ma ECOWAS ta zartar da ƙa'idar rage kuɗin romin a 2017, aka yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Kafin ta iso mu sojoji suka hamɓarar da shugaban Nijar Bazoum a Yulin 2023, aka rufe iyaka, ba a buɗe ta daga ɓangarenmu ba sai Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar baki ɗaya. Yanzu da Mali da Burkina Faso ta ƙulla yarjejeniyar sauƙaƙa romin. Wato mutumin Maraɗi ya fi samun rangwame a Bamako da ke uwa duniya a kan Jibiya da zai iya zuwa ya dawo kafin azahar.

To mu ba mu jira kowa ba. Mai zuwa Maraɗi a kai a kai yana da layin Nijar a gidan sim na biyu, Airtel ko Moov ko Zamani, wadda da ake kira Orange. MTN da Glo ba su da gida a can. Wanda bai da takardar yin rajista sai ɗan gwaggonsa ya yanka masa da sunansa, kowa ya san ba daidai ba ne, kowa kuma yana yi. Sai dai kullum ana samun sabon shiga da zai tsaya a tasha yana zagin waya don lambar matarsa ta ƙi shiga, har wani yaro ya karɓa ya goge sifirin farko ya sa +234. Lambar Nijar kuma alƙaluma 8 ce kacal bayan +227, in aka karanto wa Banajeriye sai ya tsaya yana jiran ragowar.

Raha a gefe, mun ga kullen da ya fi na Amurka. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, bayan an kashe sabis a Zamfara, aka kashe shi a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindigar da ke dajin Rugu da kewaye. Batsari da Safana suna ciki, da Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Kurfi da Dutsin-Ma. An riga an hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu, an hana sayar da fetur a jarka, daga baya har masu sana'ar cajin waya aka dakatar. Wayoyinmu duk a buɗe suke, masu sim biyu, masu sim uku, amma ba abin da za su kama. Masu POS suka naɗe tabarma. Wanda aka turo wa kuɗi daga Legas sai ya hau mota zuwa Katsina kafin ya ga alat. Rasuwa da haihuwa suka koma bakin direba da 'yar takarda, yadda kakanninmu suka yi. Abin da ya fi ciwo, in an shigo ƙauye cikin dare ba ka da hanyar sanar da na gaba, kuma iyalan da aka ɗauke wa mutum sai sun yi tafiya mai nisa kafin su ji ko yana raye. Masu goyon bayan matakin sun ce an toshe bakin masu kai wa ɓarayi rahoto, kuma akwai gaskiya a ciki. An yi ta gardama a kan wa ya fi shan wuya, mu ko su, har yau ba a gama ba.

A wannan lokacin layin Nijar ya yi daraja a garuruwan bakin iyaka. Wanda yake kusa da Jibiya, in ya dace da tudu, yana iya kamo sabis daga ƙetare ya kira Kano da kuɗin kiran ƙasar waje, yana zaune a ƙasarsa. Mu da muke can ciki ko wannan ba mu samu ba. Sai wajen ƙarshen shekarar aka fara maido mana. Ba a jima ba kuma, a Afrilun 2022, aka toshe kira a layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba, aka sake jerin gwano.

Tafiyar Makka ita ce ke tona asirin kowa. Tun daga sansanin alhazai a Katsina ake fara bai wa juna shawara, mafi yawanta daga waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Da an sauka Madina ko Jidda, ga rumfunan STC da Mobily da Zain, a karɓi fasfo, a ɗauki hoton yatsa, a ba ka layi. Dattawa in suka ga Zain sai su yi murmushi kamar sun ga ɗan gari, don layin da suka saya yana Econet a 2001 ya zama Vmobile, ya zama Celtel, ya zama Zain, kafin Indiyawa su saye shi a 2010 ya koma Airtel, duk lamba ɗaya a hannunsu. Zain ɗin dai na Kuwaiti ne, Afirka ya sayar ya riƙe ƙasashen Larabawa.

Inda muke tafka ta'asa shi ne layin gida. Maimakon a bar shi a gidan sim na ɗaya a kashe masa data, sai a zare shi a nannaɗe a takarda, a cusa a jakar guzuri ko a ƙulle a bakin zane. Ranar da aka so taɓa kuɗin banki, lambar sirrin da banki ke turowa tana can tana neman layin da ke ƙulle a zane, alhali amsar saƙo a can yawanci ba a cire komai. Wasu kuma a Mina zai salwanta, a dawo gida da dabino da zamzam a wuce jerin gwanon welkam bak, neman a dawo da lambar da ta ɓata. Hajiyoyinmu sun fi mu wayo a nan. Da yawansu tun a gida jika ya saita musu komai, ya kuma ja kunne:

"Hajiya, in WhatsApp ya tambaye ki ko za ki canza lamba, kar ki taɓa. Ki bar shi yadda yake."

"To ai layin na canza, ɗan nan."

"Shi bai damu ba, Hajiya. Data kawai yake so."

Haka ne kuwa, yana ci gaba da tafiya da lambar Najeriya ko wane sim ke ciki. Kiran murya ta cikinsa ne ya yi shekaru yana gardama a Saudiyya, abin da ya sa tsofaffin da ba su iya karatun boko ba suka san manhajar IMO. Caja ba ta ba da wahala a can, soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu. A Maraɗi ne za ka tarar da mai ramuka biyu zagayayyu, gadon Faransa.

Masu dogon zama su ne abin tausayi, samarinmu da ke bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya neman kuɗi, da masu zuwa Umara su maƙale. Layin da aka bari wata da watanni ba kira ba kati, kamfani yana da ikon rufe shi, daga baya ya sayar wa wani. Uwa ta sa a kira mata lambar ɗanta bayan shekara biyu, sai ta ji wani yana amsawa da wani yare daga Fatakwal. Ga asusun banki ɗaure da lambar. Masu dabara suna barin layin a hannun ƙane, ya riƙa sa masa katin ɗari lokaci-lokaci.

Yanzu kuma kwaɗon ya biyo mu har gida ta wata ƙofa. Wayar biya-kaɗan-kaɗan ta shigo, ka ba da kafin alƙalami ka tafi da ita, kana cikawa kullum ko mako-mako. Tana karɓar kowane layi, amma ranar da ka yi jinkirin biya sai fuskarta ta rufe, ta bar maka lambar da za ka tura kuɗi. Wani matashi da ya ɗauko irinta ya zo majalisa yana raɗa wa Injiniya, duk muna ji, wai in ya tsallaka da ita Maraɗi ya sa mata layin Moov ai shi ke nan, sun rabu.

Injiniya ya ce, "Yaya, ba layin suka riƙe ba, wayar suka riƙe. Ko Agadas ka kai ta, ranar biya tana cika za ta rufe."

"To in na ƙi kunna data fa?"

"Sai ka sayi babbar waya don ka riƙa haska tocila?"

Dattijon namu, wanda tuni ɗansa ya sa aka buɗe masa tasa daga can, ya ce wa yaron ya je ya biya mutane kuɗinsu, sannan ya miƙa wa mai shayi kofi a ƙara masa.